Hancin Mai Yasar Rijiya

Maigidana mai yasar rijiya ne, ubansa ma haka. A ƙasarmu ta Damargu rijiya ba abin wasa ba ce. Wata in ka leƙa, ruwan can ƙasa bai fi faifai girma a ido ba, in ka jefa tsakuwa sai ka ɗan saurara kafin ka ji faɗuwarta. Idan rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, laka da rairayi suka toshe idon rijiya, sai Fulani da Buzaye su aiko daga kwarin Tarka, wani lokaci har daga Tenhiya, a je a yashe musu. Mazan gidanmu ke zuwa. A ɗaura wa mutum igiya a ƙugu, ya zauna kan ɗan guntun itace, a zura shi a hankali, ya riƙa cika wasaki, babban gugan fata, da laka, sa ko raƙumi yana janyewa waje. Da wannan aiki na ci, da shi na yi sutura, da shi aka aurar da ƴaƴana.

Ni ban yi karatu ba. Ƴata ce ke rubuta wannan. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, in kuka ya zo mini ta jira ni.

Abin da ke kashe mai yasa ba ruwa ba ne, ba kuma tsinkewar igiya ba. Iska ce. Marigayi ya sha faɗa wa masu koyo cewa muguwar iskar rijiya iri biyu ce. Akwai mai kashe wuta. Ita da sauƙi, a zura fitilar kananzir, in ta mutu ba mai sauka, sai a ɗaura ganye a igiya a yi ta kaɗawa sama da ƙasa har iskar ta sake. Akwai kuma wadda ba ruwanta da wuta. Tana kwance cikin baƙar laka, inda akuya ko tsuntsu ya faɗa ya ruɓe tun da daɗewa, ba ta tashi sai an soka mata shebur. Warinta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wanda ya jiyo shi tun yana ɗan kaɗan, ya girgiza igiya a fito da shi. Wanda ya tsaya ya ce bari ya cika wasakin nan tukuna, sai dai wani ya sauka ya ɗauko shi.

Shi ya sa mazan gidanmu ba sa shan taba, ba sa shafa turare ranar aiki. Kuma mai mura ba ya sauka. Ko shi ne babba, ranar aikinsa a bakin rijiya yake, yana zubar da laka, ana tsokanarsa.

Ɗan farina shi ya gaji hancin ubansa. Tun daga ƙofar gida zai ce, yau kuka ce da daddawa, kuma an ƙona albasa. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa zan kira shi yau don ana rubutu ba. Haka muka tarar, uwa ba ta sakin jiki da ɗan fari. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ni kuwa Yaya yake ce mini, kamar yadda ya ji ƙannen ubansa na faɗi. In ina son ya ci abinci sai in dubi bango in ce, ga tuwo nan yana hucewa. Shi ma sai ya dubi ƙasa ya ce, an gode. Har ya yi aure ya haifi ƴaƴa ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ba. Mutanen yanzu suna ganin kamar rashin so ne. Ban san me zan ce musu ba. Duk ranar da ya sauka rijiya ba na iya haɗiye fura sai na ji sun dawo.

Shekarar da aka ce a daina taruwa a masallaci, kowa ya rufe hanci da ƙyalle, mu a ƙauye dariya muka yi. Korona, in ji rediyo. Ciwon masu hawa jirgi, in ji mutanenmu. Ana cikin haka maigida ya je Damagaram sayen igiya, ya dawo da zazzaɓi. Muka ce rana ce ta buge shi. Muka dafa masa ganyen darbejiya ya yi surace. Tari ya biyo baya, sannan numfashi ya fara yi masa wuya, yana jan iska kamar wanda aka fito da shi daga rijiya a makare. Ɗan nasa ne ya yi ta jinyarsa, shi ke tallafe shi, shi ke ba shi ruwa a baki. Da abin ya ƙi, ya ɗora shi a amalanke za su gidan likita a Belbeji. Ba su kai ba. Da la'asar na hango amalanken tana dawowa, jakin yana tafiya a hankali, an ja mayafin har kan fuska.

Ba wanda ya auna shi, don haka ba wanda zai rantse da abin da ya kashe shi. Amma kafin a yi sadakar bakwai ɗan nasa ya kwanta da irin ciwon. Shi Allah ya tashe shi. Ya tashi a rame, in ya ɗauki tulu daga ƙofa zuwa madafa sai ya tsaya ya dafa bango. Muka ce ƙarfi zai dawo. Ya dawo kuwa, amma ba duka ba.

Ina cikin takaba na gane sauran. Wata safiya ina zaune a ɗaki, shi yana tsakar gida yana dafa shayi, matarsa ta aje zanen goyo kusa da shi ta shiga wanka. Garwashi ya yi tsalle ya faɗa kan zanen. Ni da ke can cikin ɗaki na jiyo ƙaurin tsumma. Shi kuwa zanen na dab da gwiwarsa, yana ta ɗaga buta yana zuba shayi a kofi, yana mayarwa. Na jira ya juya. Bai juya ba. Sai da na ce da ƙarfi, wani abu na ci a gidan nan, sannan ya waiga ya ga hayaƙi, ya tattake shi da takalmi. Ya ɗago ya dubi ƙofar ɗakina, ya sunkuyar da kai.

Daga ranar na sa ido. Ya daina faɗin miyar da aka yi tun daga ƙofa. Yana zuba barkono a tuwo har idonsa ya yi ruwa. Ran nan aka kawo nono da ya juya, kowa ya ture, shi ya shanye nasa.

Na kira matarsa muna tsince wake.

"Ke, mutumin ɗakinki, hancinsa lafiya kuwa?"

Ta yi ta juya wake ɗaya a hannu.

"Da ke nake."

"Inna, ya ce in na faɗa wa kowa in tattara kwanukana."

"Ni ce kowa?"

Sai ta fashe da kuka. "Tun ciwon nan ne. Ko turaren wuta na sa a ɗaki, sai ya ga hayaƙi yake cewa madalla. Da na kai yarinya awo na tambayi majo, mai duba marasa lafiya a gidan likita, ban ce shi ba ne, na ce wani ɗan uwana. Ya ce ciwon yakan bar wa mutane haka. Wani ya dawo masa, wani shiru."

"To shi me yake jira?"

"Ya ce zai dawo kafin rani."

Rani ya zo, hanci bai dawo ba. Kuma ranin shekarar ba irin na da ba ne. An rufe iyakoki, samarin da ke zuwa cin rani Kano da Libiya duk suna gida suna zaman inuwa. Kasuwar dabbobi ta mutu, makiyayi ya kora bisashensa Tanut ya koro su gida ba mai taya. Wanda bai sayar ba da me zai kira masu yasa? Sai su lallaɓa da ɗan ruwan da ya rage. Rijiyoyin da aka kira mu kaɗan ne, hannuwan da ke son aikin kuwa sun yi yawa. Ƙanen maigidana shi ya zama babba bayan rasuwar wansa, kuma nasa ƴaƴan biyu suna cikin waɗanda suka dawo daga Libiya hannu wofi. Ɗana ya san in ya buɗe baki, akwai mai zama kan itacensa kafin ya rufe.

Haka ya yi ta sauka ba hanci. Ina sane, matarsa na sane, ba mai cewa komai. In sun tafi sai in zauna bakin ƙofa da carbi, ba na ma sanin abin da nake ja. Sau ɗaya aka ce an fito da shi yana jiri, ya ce zafi ne, aka zuba masa ruwa a ka, ya koma.

Shekara ta zagayo. Sai ga aike daga kwarin Tarka. Wata tsohuwar rijiya ce da aka daɗe da bari, tun da ɗan raƙumi ya faɗa ciki aka kasa fito da shi. Yanzu masu ita suna son a tashe ta. Na ji suna maganar a zaure, na ji ɗana ya ce wa baffansa, ni zan fara sauka, Baba, ni na san ginin, da marigayi tsohona muka taɓa gyara bakinta.

Wasu sun ce mini daga baya, ai da kin kira shi ɗaki kin yi masa magana ke da shi. Masu faɗin haka ba su san mu ba. Na je har ƙofar ɗakinsa ranar. Yana zaune yana murza igiya a cinya. Na tsaya, ya miƙe tsaye, ya ce, "Yaya, ana son wani abu?" Na dubi igiyar. Na ce, "Akuya ta kwance." Ya fita neman akuyar da ke ɗaure.

Sai na ɗauki mayafi na nufi gidan ƙanen mijina. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya, ba ya ganina bai tsokane ni ba.

"A'a! Amaryata da hantsi haka? An gama takaba an zo a ɗaura ke nan?"

"Ka fara neman haƙora tukuna. Da me za ka tauna goron?"

"Ke za ki tauna mini."

Na zauna a ƙasa. Da ya ga ban rama ba, ya aje abin da ke hannunsa. Na faɗa masa duka, zanen goyo, nonon, maganar majo. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Shekara guda ina zura shi," in ji shi. "Da hannuna. Me zan ce wa wana ranar da muka gamu?"

"Ka hana shi sauka, shi ke nan. Amma a asirce."

"In na tambaye shi zai rantse mini yana ji. Jininmu ne, na san taurin kanmu. In kuma na cire shi haka kawai, gobe garin nan zai ce tsoho ya ture maraya ya sa ɗansa. Ke ma sai an sa ki kin yarda."

"To ya za ka yi?"

"Bar ni da shi."

Washegari da safe suka taru ƙofar gidanmu za su tafi, an ɗaure kaya a amalanke, ana shan shayin sallama. Ni ina bayan zana, akwai wata ƴar kafa da nake leƙe ta ciki. Na ga ƙanen mijina ya zo da hannu ɗaya cikin riga. Ya zagaya bayan ɗana kamar mai duba ɗaurin kaya, ya aje wani ƙunshin tsumma dab da bayansa, ya taka shi da diddige. Ruɓaɓɓen ƙwan zabuwa ne da ya kwana biyu a sheƙa bai ƙyanƙyashe ba. Ni da ke bayan zana sai da na toshe hanci.

Wani da ke kusa da ɗana ya zabura. "Kai! Wane ne ya ci mushe?"

"Ba ni ba, wallahi, ko karyawa ban yi ba."

"To matsa can, cikinka ya mutu tun jiya."

Suka watse suna dariya, wannan na tofar da yawu, wancan na kaɗa hula. Ɗana na zaune inda yake, kofi a hannu. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya yi dariya shi ma, don ya ga ana yi. Sannan ya kai hannu ya toshe hanci, amma ya makara, kowa ya riga ya gani. Dariyar ta mutu da kaɗan kaɗan.

Baffan nasa ya tsuguna gabansa. "Daga ina warin yake fitowa, ɗana? Nuna mini."

Ya nuna gabas, wajen turken jakuna.

Tsohon ya miƙa hannu bayansa ya jawo tsumman ya aje tsakaninsu.

"Mai mura ba ya sauka," in ji tsohon. "Ba ni na kafa ba. Ubanka ma da yana nan abin da zai faɗa ke nan."

"Ba mura nake ba, Baba."

"Na sani. Da mura ce da na ce gobe."

Ɗana ya aje kofin. Bai tambayi wanda ya faɗa ba. Ya juyo ya dubi zanar nan, daidai inda kafar take. Na san ba ya iya ganina. Duk da haka na ja da baya.

Sun tafi da shi, amma korar san da ke jan igiya aka ba shi, ya ja shi ya je ya dawo, aikin da ake ba wanda ya tsufa. Ɗan baffansa ne ya sauka. Bai daɗe da soka shebur ba ya girgiza igiya, aka fito da shi yana kakarin amai. Sai da suka kwana suna kaɗa ganye kafin a sake gwadawa. Da labarin ya iso, mata suka shigo suna ce mini, kin ceci ɗanki. Na ce alhamdu lillahi. Shi ma ya dawo gida. Ya gaishe ni kamar kullum, ya dubi ƙasa, ya wuce.

Magana ba ta zama wuri ɗaya a ƙasar makiyaya, daga rijiya take tsallakawa zuwa rijiya. Kafin damina kowa ya ji. Wani Bafulatani da ubansa ya yi wa aiki shekaru ya gamu da shi a kasuwa ya ce, sannu, mai mataccen hanci, ba da mugunta ba ma, da tausayi. Rabon mai korar sa ba ya kai rabin na mai sauka, ga mata, ga ƴaƴa, ga ni. Ya je Tanut dako a tasha, ƙirjin ya hana, in ya ɗauki buhu ya kai mota sai ya zauna yana haki, masu kaya suka riƙa tsallake shi suna kiran wasu. Ya yi noma, gonarmu kuwa ba ta taɓa ciyar da mu ita kaɗai ba. Baffansa ya yi iya yinsa, yakan aiko da tiya biyu ta gero ya ce rabon wansa ne. Ɗana ya ce wa matarsa ta daina karɓa.

Mutumin da aka saba jira ya iso kafin a fara aiki, ya koma zama gindin darbejiya da rana tsaka. Wani lokaci in hango shi ya tsinki ganye ya murza ya kai hanci, ya jefar. Ya ɗauki kashin raƙumi ma na gani. Yana ɗauka ba mai kallo.

Abin da ya iya a duniya shi ne sauka rami. Akwai kuwa inda ake neman masu sauka rami ba a tambayar hancin kowa. Can arewa, bayan Agadas, inda ake haƙar zinariya. Samarin da suka je suka dawo sun ce ramukan sun kai rijiyoyinmu zurfi, ba siminti, ba ganyen kaɗawa, ko itacen da za a tsinko ganyen babu. Wanda ya yarda ya sauka, an ɗauke shi.

Ranar da zai tafi ya zo ƙofar ɗakina ya tsuguna, jakarsa a kafaɗa.

"Yaya, zan ɗan taɓa arewa."

Na dubi bango. Bakina cike da magana. Ina so in ce masa ni ce na je wurin baffanka, kuma ko yau aka sake zan je. Ina so in ce ka zauna mu ci ganye tare. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya tsare hanya."

"Amin. A yafe mini."

"Ba a yi mana komai ba."

Ya miƙe. Na bi sawunsa da kunne har ya fita zaure.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, bai dawo ba. Yana aike, ba mu kwana da yunwa. Ƙanen mijina ya daina tsokanata, in mun haɗu sai gaisuwa. Ya ce mini sau ɗaya, da na sani da na bar shi yana sauka ina riƙe da igiyar, ko ba komai hannuna ne. Na ce masa da yanzu muna zuwa kabari biyu. Ya ce haka ne. Cikinmu ba wanda maganarsa ta sanyaya masa rai.

Yakan kira matarsa ta salula in ya samu hawa tudun da magana ke shiga. Sai ta zo ta zauna bakin ƙofata ta buɗe muryar, kamar dai inuwa ta kawo ta. Ba na karɓa, shi ma ba ya cewa a ba ni. Yana tambayar yara, yana tambayar akuya, can sai ya ce, mutanen gida suna lafiya? Ni ke nan. Ni kuwa ba maganar nake saurare ba, numfashin da ke tsakanin kalma da kalma nake ji. Yana tsayawa a inda ba wurin tsayawa ba ne. Haka ubansa ya fara.

Kiran da ya yi na bayan nan, na taɓa gwiwar matarsa na ce a hankali, "Tambaye shi hancin."

Ta tambaya. Ya ce, "Ki ce musu da sauƙi."

Ta dube ni, na dube ta. Mun san wannan sauƙin.

Na ce, "Tambaye shi, in ya sauka, wa ke riƙe masa igiya?"

Ta tambaya. Sannan ya ce, "Wani ne. Baƙo ne, ba ya jin Hausa."

"In ka girgiza yana ganewa?" Wannan ni na faɗa, da bakina, da ƙarfi, ban bi ta kan kowa ba. Matarsa ta zaro ido.

Na ji ya ja numfashi.

"Ban gwada ba tukuna, Yaya," in ji shi. "Ban san lokacin da zan girgiza ba."